Mun Share Daji Saboda Baƙi

Daga sito, zuwa ga Yayata Uwar Dashe

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaishe ki da mutanen gida, mai ɗakina da yara ma suna miƙo tasu. Yaya gwiwa? Direba ya ce ya hango ki a bakin lambun dashe kina ɗingishi kina jifan awaki, na ce to alhamdu lillahi, da sauƙi ke nan. Mu nan lafiya lau, sai tarin da dusar katako ta manna mini, shi ma ya zama ɗan gida.

Rabona da dajin nan tun rasuwar mahaifinki. Shi da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, amma ba don direban da ke ɗauko mana katakonku yana kai wasiƙa yana kawowa ba, da tuni 'ya'yanmu sun wuce juna a hanya ba gaisuwa. Waya kuwa kin ce sai an hau tudu take kamawa, ke kuma ba ki ga wanda za ki hau tudu dominsa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Masu gine-ginen da ke sayen ƙofofi da tagogin kamfaninmu sun canza hali. A da tambayarsu ita ce, katakon ya bushe? Yanzu tambayar ɗaya ce, yana da hatimi? Wato alamar da ke shaida cewa daga dajin da ake kula da shi aka yanko, ba wanda ake cinyewa a tashi ba. Manaja ya sa an ja layin fenti a tsakiyar sitona, mai hatimi a dama, marar hatimi a hagu, ya kuma ce daga baɗi hagun nan wurin ajiye babura za ta zama. Katakonku, Yaya, yana hagu. Kullum na ja tef a kansa sai gabana ya faɗi.

Na san ƙungiyarku ta daɗe tana neman takardar shaidar nan, na kuma ji masu duba suna tafe kafin damina. An ce an yi wa malamin dajin da ke koya muku ƙa'idoji canjin wurin aiki, ga shugaba a kwance, ragama ta dawo hannunki. To ki karɓi shawarar wanda aka sha dubawa. Mu nan in za su zo, har saman inji muke gogewa, a kwashe guntaye, a share dusa, a shafa fenti. Mutanen nan da ido suke fara yanke hukunci. Kada su tarar da dajinku kaca-kaca, ruɓaɓɓun itatuwa ko'ina kamar ba masu shi. Ku gyara, ku share, su ga akwai hannu a kansa.

Ƙanenki,
Mai Tef


Daga daji, zuwa ga Mai Tef

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, har da man zafin da matarka ta haɗo, ka gode mata. Gwiwa tana nan, ni da ita ba wanda ya saki wani. Tarin kuwa ka riƙa shan ruwan ɗumi, ka kuma daina tsayawa a bakin inji kana gulma baki buɗe.

Kai yanzu har ka yi girman da za ka koya mini shara? Ni da na sha share maka majina lokacin da ake kawo ka hutu? Ikon Allah! Amma gaskiya maganarka ta zo a kan gaɓa, har a taron ƙungiya na karanta ta. Mai Zarto, babban masu yankanmu, wanda tun da shugaba ya kwanta yake kallon kujerar nan yana haɗiyar yawu, ya ce wai daji ba tsakar gida ba ne. Na ce masa ai shi ya sa tsakar gidansa ta zama daji. Mata suka kwashe da dariya.

Bari in faɗa maka abin da ke hana ni sukuni. Akwai wani Mai Gawayi da ke ta zarya a nan, ya zauna gindin wannan, ya sha ruwa a gidan wancan. So yake a ba shi hayar dajin gaba ɗaya. Ka san abin da hakan ke nufi, shekara kaɗan sai toka da kututture. In takardar nan ba ta samu ba, kamfaninku ya daina saye, wallahi rabin mazan nan miƙa masa za su yi, ko juyowa ba za su yi ba. Ni kuwa mafi yawan itatuwan da ke tsaye a gefen nan daga lambuna suka fita suna kamar yatsa.

Saboda haka mun tashi haiƙan. Mata da tsintsiya da manjagara, maza da gatari. Mun riga mun gama hanyar da ta taso daga bakin daji zuwa lambu, ko ganye ɗaya ba za ka gani ba. Mun shafa wa gindin itatuwan hanya farar ƙasa, sun jeru kamar 'yan makaranta da fararen safa. Abin da ya rage shi ne babban aikin: busassun itatuwan nan masu kogo da ke tsaye tun zamanin kakanni, da ruɓaɓɓun gungume, da duhuwar da ta rufe bakin rafi. Duk za mu kwashe, a raba wa gidaje makamashi, sauran a cinna masa wuta. In baƙin nan suka zo, ko'ina suka shimfiɗa tabarma za su iya zama.

Ka gaida yara, ka ce wa babbar ina jin labarin karatunta.

Yayarka


Zuwa ga Yaya, cikin gaggawa

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, mu ma haka. Ki gafarce ni, yau gaisuwar gajeriya ce.

Yaya, ku tsaya! Don girman Allah ku ajiye gatarin nan. Na ɗauki wasiƙarki ina ta washe baki na kai wa matar da ke kula da harkar hatimi a ofishinmu, don ta ga irin himmarku. Tana kaiwa wurin busassun itatuwa sai ta ɗora hannu a ka. Ta ce duban daji daban, duban masana'anta daban. Abin da na ce ku kwashe shi ne ainihin abin da suke zuwa nema. Wai dole a bar matattun itatuwa a tsaye da a kwance, saboda tsuntsaye da zuma da ƙwari da ita kanta ƙasar. Duhuwar bakin rafi kuwa ko reshe ba a taɓawa. Ta ce in suka tarar an share, ba za su ba da takarda ba.

Farar ƙasar ba komai, za su yi dariya ne kawai. Amma sauran, in kun fara ku dakata a inda kuke.

Maganar ta kai kunnen manaja, ya kira ni ya tambayi dangantakarmu. Na shaida masa ni ba ni da hannu a tafiyar da dajinku, katako kawai nake aunawa.

Na roƙi direba ya sa wannan a hannunki kafin ya sauke komai.

Ƙanenki


Daga daji, zuwa ga mai auna katako kawai

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, in ana kiran wannan lafiya. Ina fata tarin bai hana ka magana a gaban manaja ba, don na ga bakin yana aiki sosai.

Wasiƙarka ta gaggawa ta iso bayan baƙi sun zo sun tafi. Motar direba ta lalace a hanya, ya bar ta wurin makanike da takardarka a aljihun mota, ya tafi neman kayan gyara. Ihu bayan hari ke nan. Da ya miƙo mini ita, sai da na zauna a kan bokiti na karanta, na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

Mun gama aikin tas. Zuma ta harbe mu, mujiyoyi suka riƙa fita daga kogo suna karo da mutane da rana tsaka, mu kuma muna murna mun kori ƙazanta. Bakin rafi ya zama fetal, daga nesa kana hango ruwa yana ƙyalli. Ban taɓa ganin dajin nan ya yi kyau haka ba, kuma ba zan janye wannan maganar ba.

Masu duban su biyu ne, wani dattijo mai shiru da wata yarinya mai tabarau da takalmin roba, ita ce babba. Ta duba wurin yanka, ta duba lambuna, tana ta gyaɗa kai. Can muna cikin tafiya sai ta tsaya ta waiga hagu da dama.

Ta ce, "Mama, ina matattun itatuwanku?"

Na gyara ɗaurin zane na ce, "Mun kwashe muku su, 'yata. Ko ɗaya ba mu bari ba."

Muka ci gaba har muka isa rafi. Ta tsuguna ta damƙi ƙasar gaɓa, ƙasar ta zube ta tsakanin yatsunta. Sannan ta ce saiwar duhuwar nan ce ke riƙe gaɓa, ruwan farko zai tafi da ita. Ta ce kogo gida ne, ruɓaɓɓen gungume abinci ne. Ta ce yankanmu daidai yake, dashenmu ya fi na wurare da yawa, amma wannan babban kuskure ne, ba takarda sai an gyara. Za su dawo bayan damina su gani.

Na ce, "Wa ya faɗa mana?"

Ta ce, "Malamin dajinku ya kamata ya faɗa."

Na ce, "Malamin da aka ɗauke mana ana tsakiyar darasi? Ku da kuka san hanya har nan don ku kama mu da laifi, ba ku san ta ba lokacin da za a koya mana?"

Dattijon ya sunkuyar da kai, ita kuma ta cire tabarau tana gogewa.

Yanzu Mai Zarto yana bi gida-gida yana cewa ai ya faɗa. Shi da ya fi kowa jan gungume, don gidansa ne ya fi samun makamashi! Sun kawo mini shawara wai in sauka daga kujera, a rubuta wa masu duba cewa jahilcin mace ɗaya ne, an kuma kore ta. Na ce ba zan sauka ba, ba kuma zan sa hannu ba. Da hannu ɗaya aka share dajin? Garin neman gira mun rasa ido, na yarda, amma idon na kowa ne.

Sai kai. Kai ka ce mu share, na ɗauki maganarka na karanta a bainar jama'a ina alfahari da ƙanena na birni. Yau kuma ba ka da hannu, katako kawai kake aunawa. Madalla. Ka ci gaba da awo, Allah ya ba da sa'a. Maganar nan ta fi harbin zumar yi mini zafi.

Yayarka, in har yanzu kana da ita


Daga sito, zuwa ga Yayata

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri tun kafin a tambaye ni. Yaya jikin shugaba? Yaya kumburin harbin? Mai ɗakina ta ce a gaishe ki, ta kuma ce duk abin da kika faɗa mini kin rage.

Yaya, ba haka nake nufi ba, wallahi. Da manaja ya ɗauka ina da hannu a dajin, da ya cire ni daga duk maganar katakonku, a ce ina yi wa dangi hanya. Na faɗi haka ne don in ci gaba da zama a inda ake yanke shawara. Shawarar shara kuwa tawa ce, kuma na faɗa wa matar ofis haka a gaban mutane. Na auna daji da ma'aunin sito. Kwana biyun nan abinci ma ba ya shiga.

Amma ina da dabara, ki saurare ni kafin ki yi tsaki. A bayan masana'antarmu akwai tulin tsofaffin gungume da suka ruɓe, wasu har naman kaza ya fito musu. Shekara da shekaru manaja na neman wanda zai kwashe. Direba kuma in ya sauke katako fanko yake komawa wajenku. Me zai hana ya riƙa ɗebo muku su, ku watsa a cikin daji nan da can? Damina ɗaya ta doke su, ciyawa ta rufe, wa zai ce ba a nan suka faɗi ba? Mai tabarau ta zo ta ga matattun itatuwanta, ta ba da takarda, Mai Gawayi ya kama gabansa. Na yi wa direba maganar, ya ce in kin yarda shi ba shi da matsala.

Ba a son ran kowa ba ne, amma lokaci ya ƙure, manaja kuma ba zai ɗaga ranar da ya sa ba.

Ƙanenki mai neman afuwa


Daga daji, zuwa ga Mai Tef

Wa alaikumus salam. Shugaba yana nan jiya-i-yau, sai addu'a. Kumburi ya saɓe. Na ji bayaninka na kuma haƙura, na mayar maka da sunanka. Ka ci abinci, kada matarka ta ce ni na rame mata miji.

Tsakin kuwa na yi shi, har direba ya ji daga cikin mota. Haba Mai Tef! In share dajina da gwiwar nan, sannan in aika a kwaso mini sharar birni in zuba? Yarinyar nan ta damƙi ƙasa ta san abin da zai faru da ita, kana ganin ba za ta gane gungumen da zarto ya yanke kansa da gindinsa ba? Ko ma ba ta gane ba, ni na sani. Kuskure muka yi, da shi za a san mu. Ba zan ɗora ƙarya a kansa ba. Ka ce wa manaja ya nemi wata bolar.

Abin da ta faɗa ya faru. Ruwan farko da aka yi, rafi ya koma ja wur, gaɓa ta zabtare har ta ci shingen lambuna. Na tsaya ina kallo, raina ya ɓaci ƙwarai, don ba wanda zan zaga.

Washegari na bi direba zuwa garin da ofishin masu duba yake. Aka ce ba a ganinsu sai da alƙawari. Na ce ba komai, na zauna a kan bencin ƙofa na miƙe ƙafa, duk mai shiga sai ya tsallake ta. Da mai tabarau ta fito na ce mata ba roƙo na zo ba, darasin da aka yanke mana na zo a ƙarasa. Ta ce aikinsu dubawa ne, ba koyarwa ba. Na ce to ta duba ni da kyau, don a nan zan wuni. Ta yi dariya, ta kira wani malamin daji na wani ofis, ya zauna da ni har la'asar.

Gyaran iri uku ne. A dasa bakin rafi da itatuwan da ke son ruwa, wannan aikina ne, na riga na fara. In an yi yanka a bar rassa da kan itacen a inda suka faɗi. Na ukun ne mai ɗaci. Tunda mun kwashe matattun da ke tsaye, sai mun yi wasu da hannunmu. A zaɓi manyan itatuwa masu rai, a ɓare musu ɓawo a kewaye gindi kamar zobe, a bar su su bushe a tsaye. Kuma manya ake so, waɗanda tsuntsu zai iya yin kogo a ciki.

Ka san kowane gida yana da rabonsa na itatuwan da suka isa yanka. Da na kawo maganar a taro sai kowa ya koma kallon takalminsa. Mai Zarto ya ce wadda ta share daji jiya ita ce yau za ta kashe shi. An sa ranar da za a ɗaga hannu a kan maganar Mai Gawayi. Ka yi mana addu'a, ka bar dabara.

Yayarka


Daga sito, zuwa ga Yayata

Assalamu alaikum. Yaya, lafiya kuwa? Damina ta zo ta wuce ban ga ko layi ɗaya daga wurinki ba. Na san ruwa ya yanke hanya mota ba ta shiga, amma shirun ya yi yawa. Mu nan lafiya, ƙaramin ne ya yi zazzaɓi ya warke.

Direba ya haɗu da wani mutuminku a tasha, ya dawo mini da maganar da ta hana ni sakat. Wai an sauke ki daga kujera. Wai kin ɗauki gatari kin faɗa wa itatuwanki da sara, har ana cewa kanki ya taɓu. Game da takarda kuwa bai san komai ba, a ofishinmu ma ba wanda ya ce mini uffan, ni kuma ina tsoron tambaya.

In haka ne, ki tattaro kayanki ki biyo direba. Akwai ɗaki a gidana, taga biyu, ba hawa ba sauka. Kin yi iya yinki. Mutanen da ba su san darajarki ba ki bar su da dajinsu, su sayar su ci. Ki zo ki huta a duba gwiwar nan a asibiti.

Ƙanenki


Daga daji, zuwa ga Mai Tef

Wa alaikumus salam. Ina nan da raina, da hankalina kuma, wanda ya ce ya taɓu ya zo ya gwada. Allah ya ƙara wa ƙaramin lafiya. Shugaba ya rasu tsakiyar damina, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Hanya ce ta hana ni rubutu, ba fushi ba.

Mutumin tasha bai yi ƙarya duka ba. Ranar ɗaga hannu, tun da safe na ɗauki gatari na nufi rabona, maɗatan nan da ke bayan lambu. Ni da marigayi maigidana muka yi ta jigilar ruwa muna ba su suna ƙanana, bana ne suka isa yanka. Ana taruwa a rumfar taro ana jin sarana. Ɓawon maɗaci yana da kauri, in ka ɓare sai wani jan ruwa ya biyo, ban so ganinsa ba. Na gama na farko, na wuce na biyu. Ina kan na uku sai na ji sara a bayana. Matan da muka yi shara tare ne, kowacce ta ɗauko gatarin gidanta ta nufi rabon gidansu. Har da matar Mai Zarto! Ya taho da gudu yana ihu, ta ce masa da ita aka kwashe na da, da ita za a mayar.

Rumfa ta kaure. Maza suka ce na zuga musu mata, ko ni ko su. Dattawa suka shiga tsakani, aka tsaya a kan cewa ba za a ba Mai Gawayi daji ba sai an ga abin da masu duba za su ce, amma kujera sai an karɓe ta. Aka ɗaga hannu, Mai Zarto ya hau. Ka riƙe wannan da kyau, ka kuma faɗa wa 'ya'yanka haka: ban sauka ba, sauke ni aka yi. Takardar jahilcin mace ɗaya kuma har yau ba ta ga hannuna ba.

Mai tabarau ta dawo da aka buɗe hanya. Ta bi bakin rafi tana taɓa dashe, ta tsaya a gindin maɗatan ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon ganyen da ya fara rawaya. Ta ce akwai sauran aiki, za su riƙa zuwa duk shekara, amma takarda ta samu. Jiya aka kawo ta. Mai Zarto ne ya karɓa, ya sa babbar riga aka ɗauke shi hoto yana murmushi kamar shi ya haifi dajin. Ni ina lambu ina cika leda da ƙasa. Ka shirya tef ɗinka, lodin farko yana tafe, sai dai ba ko falle ɗaya nawa a ciki.

Na gode da ɗaki, Allah ya bar zumunci, amma ba zan zo ba. Itatuwan nan ba sa mutuwa da wuri, a hankali suke tafiya, kuma ana bukatar mai tsaronsu daga masu neman makamashi. Kullum da safe nakan ja kujerata in zauna a gindinsu, ganye yana zubo mini a cinya. Ba zan ɓoye maka ba, yana ci mini rai, wani lokaci har in yi hawaye in goge kafin wani ya wuce.

Shekaranjiya ina zaune sai ga Mai Gawayi, ya yi sallama ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa gindin babban da yatsa.

Ya ce, "Uwar Dashe, daji dai ya fi ƙarfina, na haƙura. Amma waɗannan tunda sun riga sun mutu, ki sayar mini mana, kada ki tashi a tutar babu."

Na ce masa, "Ɗauke hannunka. Ba dominka suka mutu ba."

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Yayarka,
Uwar Dashe